Guzurin Soja Mai Tafiya Kiyaye Zaman Lafiya: Jawabi A Taron Bankwana

 



Da shugaba ya ce ni zan yi magana a kan guzuri, na ce ranka ya daɗe, ni ko bindigar toka ban taɓa riƙewa ba. Ya ce ai dalilin ke nan, kai ne ka haura shekara talatin a Sabon Tasha kana auna wa sojoji gari, kana rubuta sunayensu a littafi. To, a kan abin da na gani daga bayan kanta zan yi magana.

Wannan tafiya ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun 1960 sojan Nijeriya ya tafi Kwango, aka je Lebanon a 1978. Ina yaron shago a watan Agusta na 1990 rundunar ECOMOG ta sauka Monrobiya, babban birnin Laberiya, daga nan aka wuce Saliyo, aka je Darfur a 2004, aka je Mali a 2013 da Gambiya a 2017. Cibiyar da ake horar da masu tafiyar tana nan Jaji, kuma sunan ɗan kudancin Kaduna aka sa mata, Janar Martin Luther Agwai, wanda ya jagoranci rundunar Darfur daga 2007 zuwa 2009. Hanyar nan ta Kachia zuwa Kafanchan, da wuya ka sami garin da bai ba da ɗansa ba.

Tambayar farko da nake yi wa soja in ya shigo shagona ita ce, wace ƙasa aka nufa da kai? Domin guzurin Laberiya ba shi ne na Sudan ba. Monrobiya na samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, wato ya ninka na Kaduna sau uku. A irin wannan wuri danshi ne abokin gaba. Waɗanda suka dawo sun ba ni labarin kilishin da ya yi furfura cikin kwanaki, da takalmin da ba ya bushewa, da ƙafar da ta yi kyanɓo saboda jiƙaƙƙiyar safa. Mai zuwa can ya sayi safa da yawa, da hodar ƙafa, da leda mai kauri, komai ya shiga leda kafin ya shiga jaka. Kuma kada ya wahalar da kansa da goro, ƙasar goro zai je, kai tabarma gidan masaƙa ne.

Mai zuwa sahel kuwa, ƙura ce da rana, sanyi da dare. Rawani ko hirami, man shafawa, man leɓe, rigar sanyi ɗaya mai kyau. A Sudan akwai Hausawa jikokin mahajjatan ƙasa, har da garin Mai Wurno wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma tsirenmu yana can da sunan agashe. Ba za ka rasa wanda zai ce maka sannu da zuwa ba.

Abinci gwamnati za ta ba ka, ɗanɗanon gida ne ba za ta ba ka ba. Saboda haka yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, ƙuli-ƙuli, garin rogo kaɗan. Na ce kaɗan, iyaye mata, kaɗan. Za a gaya wa yaro nauyin da jirgi ya yarda ya ɗauka, abin da ya ɗara a bakin jirgi za a bar shi, wani ya kwashe. Na san uwar da ta kwana biyu tana soya dambun nama, aka bar rabinsa a filin jirgi.

Ƙananan abubuwa su ake mantawa: allura da zare, abin yanke farce, silifa, tocila, buta, darduma mara nauyi, cajar waya mai aiki da hasken rana. A zamanin ECOMOG ƙaramar rediyo da batir muke sayar musu don su kama sashen Hausa na BBC, yau waya ta gaje ta. Gidan sauro, ko an ce za a raba, ka riƙe naka. Fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara su zauna a jikinka, kada su shiga babbar jaka. Mai shan maganin hawan jini ko na suga ya faɗa wa likitan bataliya, ya tafi da takardarsa. Kuma don Allah, don Annabi, kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle. Ƙwaya ɗaya da ba ka san da ita ba ta isa ta tuɓe maka kaki.

Batun salla, ka tambayi alƙibla da zarar ka sauka. Mu nan mun saba da gabas, amma a Lebanon kudu ake kallo, a Somaliya arewa. Ka zauna da liman kafin tafiya ya maimaita maka hukuncin ƙasaru da taimama. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri cika salla zai yi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na yarda na tsaya gabanku. Duk wannan da na lissafa, rana ɗaya a Kasuwar Sheikh Gumi ta isa a haɗa shi. Wanda ke ɗaukar lokaci shi ne guzurin da ake bari a gida.

A 1998 wani saje, maƙwabcina, mutumin wajen Zonkwa, Kirista, mutumin kirki wanda muke gaisawa kullum, ya zo shagona za a kai su Saliyo. Ya ɗebi kayan tafiya, ya ce kuma in riƙa ba iyalinsa shinkafa da mai da sabulu, in alawus ya fito zai biya. Muka tafa, babu takarda, babu shaida, matarsa ma bai gaya mata cewa bashi ne ba. A watan Janairu na 1999 'yan tawaye suka shiga Freetown, aka yi makonni ana gwabzawa, saje bai dawo ba. Bayan zaman makoki na ɗauki littafi na nufi gidan. Na tarar da mace da 'ya'ya huɗu, na kasa buɗe littafin. Na yafe, amma ku ji gaskiya, wata shida jarina bai miƙe ba, kuma ba kowane ɗan kasuwa zai iya yafewa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, lokacin da ya shiga soja yana saurayi sunan yayansa ya rubuta a takardar magaji, bai sake ba bayan ya yi aure. Haƙƙinsa ya fito, ya tafi ƙauye, matar nan tana soya ƙosai a bakin titi.

Saboda haka kafin ka sayi ko da safa ɗaya, ka je ofis ka duba sunan wa ke takardar magajinka. Mu Musulmi kuma mu sani, wanda aka rubuta ɗin wakili ne kawai, dukiyar ta magada ce, a raba ta yadda Shari'a ta ce. Ka faɗa masa haka a gaban shaidu biyu. In kana da wasiyya ka rubuta, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Bashin da ake binka da wanda kake bi, ka rubuta su duka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuma muna jin kunyar takarda tsakanin abokai. Ka bar wa matarka katin banki ta san lambarsa, a san mai biyan kuɗin haya da na makarantar yara, a san wanda za a buga wa ƙofa in ciwo ya taso da dare.

Wani zai ce, Alhaji, ai kiyaye zaman lafiya za mu, ba yaƙi ba. A ƙarshen Satumba na 2007, cikin watan azumi, aka afka wa sansanin Haskanita a Darfur da almuru, sojojin Nijeriya bakwai suka rasu. Su ma kiyaye zaman lafiya suka je. Allah ya jiƙan mamatanmu.

Sai batun cin bashi saboda dogaro da alawus. Ana jin dala sai ido ya rufe, tun ba a tafi ba an karɓi babur, an sa ranar aure na biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan sama da dala 1,400 a wata kan kowane soja, amma gwamnati take ba, ba hannun soja take sa wa ba, kuma kuɗin kan makara. A 2008 sojojin da suka dawo daga Laberiya sun tare hanya a Akure saboda alawus ɗinsu, kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai a 2009, kafin daga baya a sassauta. Kuɗin da bai shiga hannu ba, kada a yi masa kasafi.

Mu 'yan kasuwa ma da laifinmu. Da mun ga mai tafiya sai mu ɗora masa farashi, mu cusa masa abin da ba ya bukata. Shawarata ga ƙungiya, duk wanda zai ba iyalin soja kaya bashi, a yi takarda biyu, ɗaya a shago ɗaya hannun matar, sakatare ya sa hannu, ko namu ne ko maƙwabcinmu Kirista. Na zo da sabon littafi ga shi a hannun sakatare, kuma gobe bayan la'asar liman zai zauna a masallaci don masu son rubuta wasiyya.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.