Saƙon da Ba Ya Bin Gada



Mu 'yan Kakuri da Barnawa mun san mai shiga gari sai ya bi gada, taki bayan taki. Bisa wannan aka gina ilmin ƙwayar zarra: kowane wuri maƙwabcinsa kaɗai yake taɓawa, kuma babu saƙon da ya fi haske gudu, watau kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa.

To, akwai wani lissafi mai tsallake maƙwabci. An saba auna canjin abu sau ɗaya ko sau biyu, amma tun 1695 Leibniz ya yi zancen auna shi rabin sau. In aka shigar da rabin nan cikin ƙa'idar lantarki da haske, sai abin da ke nan ya dogara da na can nesa. Haɗarin ba ƙarami ba ne, domin sakamako yana iya rigan sanadi, a ji kukan jariri kafin haihuwa.

Sai dai ku dubi girafin, fallen bakin fensir mai kaurin zarra ɗaya, wanda aka ɓare a Manchesta a 2004. Ƙwayoyin lantarkinsa ba sa barin falle, amma ƙarfin da ke tsakaninsu sarari yake bi, kamar muryar mai kira ƙetaren kogi. In aka rubuta lissafin fallen kaɗai, rabin nan ne yake fitowa, sanadi kuwa yana nan gaba. A 2007 Caffarelli da Silvestre suka nuna cewa sauran ɓallin, ƙasa da rabi ko sama, su ma ana samo su ta ƙara sarari guda.