Ɗan Wasan da Albashinsa Ya Fi Ƙarfin Gida: Yaushe Ake Sauke Kaya?

Mutanen Zangon Kumasi, daga Aboabo da Asawase har Sabon Zango, muna gaisuwa. Waɗanda ke bakin boda a Paga da Hamile da Kulungugu suna jiran takarda, sannunku da haƙuri. Makiyayan da ke daji da rediyo rataye a kafaɗa, ina gajiya, yaya garke?

Maganarmu ta yau ta taso ne daga saƙon wani ɗan'uwa mai fataucin shanu. Ya ce ya sauke bijimai a kasuwar shanu ta Kaase, nan kusa da mayanka, yau mako uku ke nan. Kasuwa ta faɗi, duk tayin da aka yi masa bai kai kuɗin da ya sayo su ba. Kullum kuma sai ya sayi ciyawa da dusa, ya biya ruwa, ya sallami yaran da ke tsaronsu. Tambayarsa ita ce: ya sayar da asara, ko ya jira?

To Alhaji, zan amsa maka, amma sai na bi da kai ta filin wasa. Kada ka ce na bar hanya. Masu ƙungiyoyin wasa na duniya sun daɗe suna fama da irin ciwon kan nan naka, kuma su lissafinsu a fili yake, kowa na iya dubawa.

Mu fara da Amurka. Suna da wani wasa da ake kira besbol, wanda ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da kulki, a ruga a zagaye fili. Mu nan ba mu damu da shi ba, amma can kuɗin da ke cikinsa ba na wasa ba ne. A watan Disamba na shekarar 2000, ƙungiyar Texas Rangers ta ɗauki wani matashi mai suna Alex Rodriguez a kan kwantiragin shekara 10, dala miliyan 252. A lokacin ba a taɓa jin irin wannan kuɗi a kan ɗan wasa ɗaya ba. Kuma a tsarinsu, in an sa hannu an gama. Ko ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, ko ya ji ciwo ko yana lafiya, sai an biya shi.

Ku lura da kyau, yaron bai ci amana ba. Ya yi aikin da aka ɗauko shi ya yi, har aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasarsu a 2003. Amma shekara uku a jere, 2001 da 2002 da 2003, Texas ce ta ƙarshe a rukuninta. Mutum ɗaya ya kwashe kaso mai yawa na kuɗin albashi, sauran gurabe suna kukan gyara. Kamar mai garken da ya zuba duk dusarsa a gaban bijimi ɗaya ne, shanun tatsa suna kallo.

A watan Fabrairu na 2004 sai suka miƙa shi ga New York Yankees, suka karɓi wani ɗan wasa mai suna Alfonso Soriano da wani ƙaramin yaro. Ga inda nake so ku buɗe kunne. Sauran kuɗin da ke kan kwantiragin dala miliyan 179 ne. Texas ta yarda za ta biya miliyan 67 daga ciki. Wato ta ba da gwaninta, ta kuma bi shi da ciko, yana buga wa wasu wasa ita tana biyan wani ɓangare na albashinsa.

Wanda ya ji haka a majalisar shayi zai ce ai wannan wauta ce. Amma ɗauki alƙalami. In ka cire 67 daga 179, saura 112. Dala miliyan 112 suka sauke daga wuyansu. Da sun tsaya suna cewa "ba za mu yi asara ba", da duk 179 ɗin na nan a kansu. Wannan ita ce hanya ta farko: ka sayar, ko da za ka bi kayan da ciko.

Hanya ta biyu ita ce aro, kuma misalinta na gida ne. Da yawanku kun san Abdul Rahman Baba, wanda ake kira Baba Rahman, ɗan Tamale. Ya buga wa Asante Kotoko a nan filin Baba Yara kafin ya wuce Jamus a 2012, inda ya fara da Greuther Fürth, daga baya ya koma Augsburg. A watan Agusta na 2015 Chelsea ta Landan ta saye shi da kuɗi masu kauri, kwantiragin shekara biyar. Kaka ɗaya ya yi yana buga musu, sai aka ba da shi aro ga Schalke ta Jamus a 2016. A watan Janairu na 2017, a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Gabon, ya ji mummunan rauni a gwiwa a wasan Ghana da Yuganda.

Daga nan sai yawon aro. Ya sake komawa Schalke, ya je Reims ta Faransa, ya je Mallorca ta Sifen, ya je PAOK ta Girka, ya yi kaka biyu a Reading ta Ingila. Sai a 2023 suka rabu da Chelsea baki ɗaya. Shekara takwas sunansa na cikin littafinsu, bakwai daga ciki bai buga musu wasan gasa ba.

Wannan ba irin aron haɓɓanaye ba ne da Fulani ke yi don zumunci. Aro ne na rage nauyi: wanda ya ara ya ɗauki albashin, duka ko wani ɓangare, mai kaya kuma yana fatan daraja za ta dawo ya sayar da kyau. Wani lokaci dabarar tana ci. Amma sau da yawa jinkiri ne kawai ake yi wa hukuncin da ake tsoron yankewa, shekaru suna tafiya, daraja tana raguwa.

Sai dai ku ji ƙarshen labarin. Da Baba Rahman ya koma PAOK dindindin a 2023, a kakar farko suka ɗauki kofin gasar Girka a 2024, kuma yana cikin waɗanda aka dogara da su. Abin da ya zama nauyi a wani gida, a wani gidan dukiya ne. Saniyar da ta fi ƙarfin aljihunka a Kumasi, inda kowane ƙunshin ciyawa sai da kuɗi, ba ta fi ƙarfin mai fili da ruwa a ƙauye ba.

Hanya ta uku ita ce musaya, ba ni gishiri in ba ka manda. Wannan gargaɗi ne ga mai karɓa. A watan Janairu na 2018 Arsenal da Manchester United suka yi musayar 'yan wasa: Alexis Sánchez ya tafi Manchester, Henrikh Mkhitaryan ya koma Arsenal. Ba a biya kuɗin saye ba, shi ya sa wasu suka ɗauka an samu banza. Amma albashin da aka yanka wa Sánchez yana cikin mafi tsada a Ingila. Ya buga wasa 45, ya ci ƙwallo 5. A 2019 aka ba da shi aro ga Inter Milan, United tana ci gaba da biyan wani kaso na albashinsa, a 2020 kuma ya tafi kyauta. Saboda haka in an kawo maka musaya, ko mota ce ko shago ko dabba, tambayar farko ba "nawa zan bayar yau?" ba ce. Tambayar ita ce "nawa zai riƙa ci a hannuna kowane wata?"

To yanzu mu dawo Kaase, wurin Alhajinmu. Bari in buga misali da lambobin da na ƙaga don sauƙin lissafi, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ce bijimi ya tsaya maka a kan sidi 9,000, har da kuɗin mota da na hanya. Yau an taya 8,000. Ka ce a'a, sai bayan wata uku, lokacin da kake sa ran zai kai 10,000. A ce ciyawa da dusa da ruwa da kuɗin yaro suna cin sidi 40 a rana. Kwana 90 ya zama 3,600. In ka cire daga 10,000, abin da zai shigo hannunka 6,400 ne. Ka ga 8,000 na yau ya fi 10,000 na wata uku. Kuma ban sa rama a lissafin ba, ban sa ciwo ba, ban sa ranar da za a wayi gari a tarar ɗaya ya kwanta ba. Ban kuma sa zuwa biyu ko uku da jarin nan zai yi zuwa Pouytenga ko Fada N'Gourma ya dawo a cikin wata ukun ba.

Ka lura da abu ɗaya: 9,000 ɗin nan da ke hana ka barci bai shiga lissafin ko'ina ba. Ya riga ya fita. Ko ka sayar yau ko ka jira, ba ya canzawa. Mahauci ba ruwansa da nawa ka sayo, nama yake gani. Abu biyu kawai ake ɗorawa a sikeli: abin da za a ba ka yau, da abin da zai rage maka gobe bayan ka cire ɗawainiya.

Ban ce kullum sayarwa ce daidai ba. In Babbar Sallah ta rage kwana goma, kuma ciyawa na da sauƙi, lissafin zai iya cewa ka jira, sai ka jira. Abin da nake roƙo shi ne lissafi ya yanke hukunci, ba kunya ba. Da yawanmu ba asarar muke tsoro ba, tsoro muke kada a ce a zango "Alhaji wane ya karye." Masu goro sun fi mu sanin wannan. In sankara ta shiga huhu, ba a tsayawa jiran farashin Kano ko na Legas. A zazzage, a tsince, a sayar da abin da ya tsira tun yana da mai so.

Akwai kuma inda kwatancen nan ya tsaya, dole in faɗa. Ɗan wasa mutum ne, ba dabba ba. Rodriguez bai koma New York ba sai da yardarsa. Kafin nan ma, a ƙarshen 2003, an kusa ƙulla ciniki da ƙungiyar Boston, amma ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta ƙi yarda a rage darajar kwantiraginsa, cinikin ya wargaje. Wato nauyi ya yi wa mai gida yawa, amma ba a ce ma'aikaci ne zai ɗauki asarar ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Kai da ka ɗauki makiyayi a kan alkawarin maraƙi bayan watanni kaza, ko direban da kuka yi da shi zai riƙa kawo kuɗi har mota ta zama tasa, ko yaron shagon da ka ce za ka sallama da jari: in abu ya yi maka nauyi, ba a fita ta hanyar ƙuntata masa har ya gaji ya tafi da kansa. Alkawari kaya ne. Ka zaunar da shi gaban maigidan zango ko dattawan da suka shaida, ka ce ga halin da nake ciki. Ka biya shi abin da ya riga ya yi wa aiki. In akwai wanda zai ɗauke shi, ka haɗa su, da yardarsa, ko da za ka cika wani abu daga aljihunka. Cikon nan ya fi araha a kan sunanka ya ɓaci daga Kumasi har Wagadugu, don hanyar nan tamu ba ta da sirri.

Haka kuma in za ka sauke kaya, ka faɗi aibinsa. Ƙungiyoyin ƙwallo ba sa sa hannu sai likita ya duba ɗan wasa tun daga gwiwa har zuciya. In saniya tana tari, ka ce tana tari. In injin mota yana shan mai, ka faɗa. Ka rage kuɗi a kan gaskiya, mai saye zai dawo maka baɗi.

Na ƙarshe, maganin abin tun ranar ƙulla shi ne. Duk labaran nan uku an ƙulla su ne ranar murna, ranar da kowa ke ganin gobe za ta fi yau. Kafin ka karɓi hayar shago ta shekaru da kuɗin gaba, ko mota a kan biya sannu-sannu, ko ka cika tirela da bashi, ka tambayi kanka: in sidi ya faɗi a gaban sefa, in aka rufe boda wata biyu, in damina ta makara, zan iya ɗaukar wannan? Kuma ku yi maganar yadda za a rabu tun kuna dariya da juna, a gaban shaidu, a rubuta.

Saboda haka Alhaji, ga amsarka. Yau da dare ka zauna da yaronka mai rubutu, ku fitar da abin da bijiman nan ke ci a rana, ku ninka da kwanakin da kake son jira, ku cire daga farashin da kake fata. In abin da ya rage bai kai tayin yau ba, gobe da safe ka kira dillali. In ba ka iya sakin duka, fara da waɗanda suka fi ci suka fi rama, ka riƙe masu ƙwari. Kuɗin ya koma hanya.

Masu tambaya ko gyara, ƙofa a buɗe take kamar kullum. Na kan hanya Allah ya kai ku lafiya, na daji Allah ya tsare garke. Sai mako mai zuwa in muna da rai.