Kare Iyali: Daga Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya Zuwa Zauren Gidanmu



Mu Hausawan Sheda, neman halal ne ya kawo mu wannan gari da ke bakin hanyar Abuja zuwa Lokoja, a yankin Kwali. Mun baro dangi can Kano, Katsina, Zazzau da Sakkwato. Wanda ke zaune nesa da gida kuwa, ba shi da garkuwar da ta wuce iyalinsa. Shi ya sa duk lokacin da muka ji a rediyo ana takaddama kan iyali a Janeba ko Niyok, sai hankalinmu ya tashi.

To, jama'a, kafin mu yi ƙorafi, mu fara sanin abin da ke rubuce. Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 1948, a sashe na 16, ya amince cewa iyali ne tushen al'umma, kuma wajibi ne hukuma ta kare shi. Sashe na 26 ya bai wa iyaye fifiko wajen zaɓar irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Yarjejeniyar Afirka ta 1981, wadda Nijeriya ta mayar doka a 1983, ta ƙara gaba: sashe na 29 ya ɗora wa mutum nauyin girmama iyayensa da ɗaukar ɗawainiyarsu idan sun rasa. Ashe wannan ba tarbiyyarmu ba ce?

Gaskiya ne akwai ja-in-ja. A taron Alƙahira kan yawan jama'a a 1994, da na mata a Beijin a 1995, ƙasashen Musulmi da dama da Fadar Paparoma sun yi jayayya kan zubar da ciki da ma'anar iyali. A 2014 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta zartar da ƙuduri kan kare iyali, duk da Amurka da ƙasashen Turai da yawa sun ƙi shi. Wato dai da hujja da ƙuri'a ake cin nasara a can.

Mun tuna hayaniyar 2024, lokacin da Nijeriya ta sa hannu kan Yarjejeniyar Samowa da Tarayyar Turai. Aka yi ta yaɗa cewa an tilasta mana auren jinsi. Gwamnati ta musanta, Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ma ta ce babu wannan sharaɗi a ciki, kuma dokar 2014 da ta haramta shi tana nan. Da yawanmu mun yi fushi ba tare da mun karanta ko shafi ɗaya ba. Jita-jita ƙarfinta a kunne yake ƙarewa.

Sai mu dawo gida. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki kai tsaye a nan Babban Birnin Tarayya. Ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, ta kuma hana sa yara bara. Ko muna da ta cewa a kanta, ta hau kanmu, sai mu san ta.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Magidancin da ya saki matarsa kan abin da bai taka kara ya karya ba, ba Janeba ce ta aiko shi ba. Uban da ya bar 'yarsa tana talla a bakin titi har dare tsakanin manyan motoci, ba Bature ne ya sa shi ba. Da irin waɗannan ake kafa mana hujja a tarukan duniya.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara uku. Ta kafa kwamitin dattawa, maza da mata, na sulhunta ma'aurata kafin a kai ga kotu. Ta tabbatar kowane yaro da yarinya na zuwa boko da Islamiyya. Sannan 'ya'yanmu masu ilimin shari'a su riƙa fassara mana waɗannan takardu da Hausa, domin in za mu yi magana da wakilanmu a Majalisar Tarayya, mu yi ta da sani.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum.