SAUƘAƘA NA'URAR KARƁAR SAƘO DA TSIMIN WUTAR BATIR



Kowace sadarwa tana da ɓangare biyu, watau mai aikawa da mai karɓa. A sadarwar zamani akan mayar da murya ko rubutu ko hoto su zama jerin lambobi biyu kurum, sifiri da ɗaya, sa'an nan a aza su bisa igiyar rediyo. To, amma ɓangarorin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Tashar aikawa tana da doguwar hasumiya da injin ba da wuta da ma'aikata masu lura da ita. Na'urar karɓa kuwa tana cikin aljihun manomi ko ɗan tireda, ba ta da abin dogaro sai ɗan batir. Tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, mutumin ƙauyen da babu lantarki ya san cajin waya kuɗi ne, wani lokaci har da tafiya. Saboda haka tambayar da ke gaban injiniyoyi ita ce, ta yaya za a rage wa ƙaramar na'urar nan aiki ba tare da saƙo ya lalace ba?

Asalin wahalar shi ne saƙo ba ya isowa yadda aka aiko shi. Hayaniya takan gurɓata shi, gine-gine da duwatsu kuma sukan maido da shi kamar amsa-kuwwa, har wata lamba ta hau kan 'yar'uwarta. Makaɗin kalangu ya daɗe da sanin maganin wannan, shi ya sa yakan kaɗa wa mutum dogon take, domin wanda farkon ya kuɓuce masa ya gane da ƙarshen. A 1948 wani masani a Amurka, Claude Shannon, ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa in aka yi wa saƙo irin wannan ƙari bisa tsari, ana iya isar da shi kusan babu kuskure, muddin ba a ɗora wa hanyar abin da ya fi ƙarfinta ba. Sai dai warware ƙarin nan aikin mai karɓa ne, kowane lissafi kuwa yana cin wuta. Alal misali, Robert Gallager ya fito da wani kyakkyawan tsari a 1960, amma aka jingine shi fiye da shekara 30, saboda na'urorin lokacin ba za su iya ɗaukar lissafinsa ba. Yanzu da shi ake aiki a 5G.

Dabara ta farko ita ce rage lissafin kansa. Jeri mai lamba 20 kacal yana iya zuwa ta fuska fiye da miliyan ɗaya, kuma gwada su duka ɓarnar wuta ce. A 1967 Andrew Viterbi ya nuna cewa a kowace mararraba ana iya riƙe hanyar da ta fi dacewa da abin da aka ji, a watsar da sauran. Wayar GSM da wannan dabara take fahimtar saƙo.

Ta biyu, mai aikawa ya tsara saƙon yadda zai yi sauƙin karɓa. A Wi-Fi da 4G akan rarraba saƙo ɗaya mai sauri bisa ƙananan hanyoyi masu yawa, kowace tana tafiya sannu, a kuma bar ɗan rata tsakanin saƙo da saƙo domin amsa-kuwwa ta mutu a ciki. Da haka gyaran kowace hanya bai wuce lissafi ɗaya ba.

Ta uku ta shafi ƙirar na'urar. Taransistocin CMOS, waɗanda Frank Wanlass ya ƙirƙiro a 1963, sun fi jan wuta a lokacin da suke sauyawa daga sifiri zuwa ɗaya ko akasin haka. In aka rage ƙarfin turin lantarki da rabi, wutar da sauyawar ke ci takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Bugu da ƙari, an koya wa waya barci. Ita da tasha sukan yi alkawarin lokaci, ta farka ta saurara ko ana kiranta, in babu kira ta koma.

Lalle kowace dabara tana da ladanta da kuma farashinta. Wayar da ta cika barci takan jinkirta amsa kira, na'urar da aka sauƙaƙa ƙwarai kuma takan bukaci tasha kusa da ita. Aikin injiniya ke nan, ya auna daidai ruwa daidai tsaki.

Daga ƙarshe, akwai darasi ga ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan sadarwa domin karkara. Bai kamata ya tsaya ga tambayar ƙarfin tasha kaɗai ba. Ya tambayi kuɗin na'urar da talaka zai riƙe, da kwanakin da batirinta zai yi kafin ya mutu, domin saƙon da ya tarar da waya a mace daidai yake da wanda ba a aika ba.