Jawabi a Kan Koya wa Yara Labarin Ƙasarsu



Maganar yau a kan darasin nan ne da a ke koya wa yara wanda 'yan zamani su ke kira Nazarin Zamantakewa. A zamanin En'e ba a san shi da wannan suna ba. A Elementare da Midil abu biyu ne dabam, watau Tarihi da Labarin Ƙasa, ko wane da sa'arsa da littafinsa. Cikin 1963 aka gwada haɗa su wuri guda a wata makaranta a Aiyetoro, can ƙasar Yarbawa, aka ƙara musu sanin mulki da zaman tare. Bayan babban taron shawara a kan tsarin karatu da aka yi a Ikko cikin 1969 sai abin ya bazu, har ya iso makarantun ƙasar Katsina. Nufin waɗanda suka tsara shi mai kyau ne, su na so yaro ya san inda ya ke, da wanda ke bisansa, da wanda ke kusa da shi, da hakkin da ke tsakaninsu.

Amma duk wanda ya taɓa zama gefen alkali ya na rubuta shari'a ya san inda gizo ke saƙar. Ƙarar karkara ba ta cika wuce ta aure da bashi da gado da iyakar gona da ɓarnar shanu ba. Sai a kira saurayi shaida, wanda ya yi shekara shida ko tara a makaranta, a tambaye shi gonar nan da a ke jayayya a kanta, daga gabas da wa ta yi iyaka, aro ce ko jingina ko saye. Sai ya sunkuyar da kai. Ga shi kuwa ya na iya jera jihohi 36 da manyan biranensu ba tuntuɓe. Laifin ba nasa ba ne. An fara masa karatu daga nesa, lokaci ya ƙare ba a iso da shi gida ba. Ranar da tsofaffin da suka san iyakoki suka ƙaura, rantsuwa kaɗai za ta rage wa alkali.

Saboda haka ya kamata malami ya fara daga ƙofar aji. Ba ya bukatar taswirar kanti. Ya fitar da yara waje, su share rairayi, su zana makaranta da tsinke, su sa dutse a maimakon masallaci, kara a maimakon rijiya. Sa'an nan unguwa, sa'an nan gari da gonakinsa da fadamarsa da burtalinsa. Burtalin nan shi ya fi komi bukatar a tsaya a kansa. A bi shi da ƙafa tare da dagaci da arɗo, su nuna wa yara inda ya fito da mashayar da ya nufa, da inda garma ta ci gefensa. Ɗan manomi da ɗan makiyayi da suka auna faɗinsa tare da igiya ɗaya sun ji dalilin barinsa tun ba su mallaki gona ko saniya ba. Ƙasar Katsina ta ga abin da rigimar gona da kiwo ta ke haifarwa kadan aka bar ta ta yi girma, ba sai an tsawaita ba.

Daga gari sai hanya. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta biyo ta Bici da Tsanyawa, ta shigo ta Yashe, ta ratsa Kankiya, ta wuce Caranci. Yaron Kafin Soli ko na Rimaye ko na Mawashi ya na ganin motoci da kaya kullum. A sa shi ranar kasuwa ya tambayi masu awo inda gero da wake da gyaɗa za su, ina kuma gishiri da goro da manja suka fito, ya rubuta ya kawo. Da wannan kaɗai ya ga yadda Kurmi da Arewa su ke ciyar da juna, sa'an nan taswirar Nijeriya ta zama abin da ya ke ganewa.

Wajen sanin mulki kuwa, a nuna masa tsanin da ya sani: mai unguwa, dagaci, hakimi, Sarki, a gefe guda kuma kansila da shugaban ƙaramar hukuma. A gaya masa yadda abin ya yi ta sakewa. Cikin 1934 aka yi Lardin Katsina. Cikin 1968 kotunan alkalai suka fita daga hannun En'e suka koma na gwamnatin jiha. Cikin 1976 aka kawo ƙananan hukumomi. Cikin 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali. Cikin 1987 aka yi Jihar Katsina. Haddace shekarun nan ba shi ne abin nema ba. Abin nema ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa kadan aka ci masa hakki. Ya na da kyau a yi wasan shari'a a aji, wani alkali, wani muhuti, wani mai ƙara, wani wanda a ke ƙara, a koya musu kawo shaida da sauraron abokin shari'a har ya gama. Da Hausa za a yi wannan, gama yaro ba ya iya jayayya da harshen da ya ke tsoro.

Tarihi ma haka. Kafin a kai ga Durɓi ta Kusheyi da hasumiyar Gobarau, da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, da Ummarun Dallaje, da Sarki Dikko wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, a fara da tambayar wa ya sari garin nan, daga ina ya zo. Malam Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa nan maƙwabta, sai da ya bi garuruwa ya zauna gaban tsofaffi kafin ya rubuta tarihin Katsina da aka buga cikin 1981. Amma fa sai malami ya yi hattara. A ko wane gari akwai maganar asali da ta sarauta wadda ke tsokano tsohon miki. Kada a bar yaro ya tafi gida da abin gori a kan ɗan'uwansa. Malami ya fara jin labarin shi kaɗai wurin dagaci da liman, ya tace, kana ya kawo tsoho gaban aji.

Rabon ma'aikata cikin wannan aiki ba mai tsada ba ne. Hakimi ya ba da izni a kawo manyan aji fadarsa sau ɗaya a zango. Alkali ya bar su su zauna baya ranar da ba a shari'ar da ta shafi sirrin iyali. Wanda ke da tsohon kundin haraji ko takardar iyaka ko rasit na Baitulmali a cikin adakarsa, ya fito da su yara su gani kafin gara ta riga su. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, ya zama gidan tarihi, daga Kankiya kuwa mota ta na zuwa ta komo a wuni guda. Kuɗin man wannan tafiya shi ne abin da a ke roƙon majalisun Kankiya da Kusada su sa cikin kasafinsu.