Zazzaɓin da aka ɓoye shi ke rufe iyaka

Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa fatake da direbobi, barkanmu da zagayowar wannan rana. Allah ya maimaita mana.

Yawancinmu ba mu manta watan Agustan 2014 ba, lokacin da Kamaru ta rufe iyakarta da Najeriya saboda Ebola. Matafiyi ɗaya ne ya shigo da cutar Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Ina Legas, ina Poli? Amma rufewar ta haɗa har da hanyarmu ta Beka zuwa Gurin da Yola. Sai 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da cutar.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne zazzaɓin Lassa. Sunansa ma daga garin Lassa na jihar Borno ya samo, inda aka fara gano shi a 1969. Ɓera ke ɗauke da shi, yana barin sa a fitsari da kashi kan abinci, kuma ya fi yaɗuwa da rani. Mu kuwa masara da gyaɗa muke jibgewa, har mu kwana kusa da buhunan. Don haka a ɗaga buhu daga ƙasa, a toshe ramukan sito, a rufe abin da za a ci, a wanke hannu da sabulu.

Cututtukan nan biyu kan yi har kwana 21 a jiki kafin su bayyana, kuma farkonsu kamar zazzaɓin cizon sauro yake. In ka dawo daga tafiya zazzaɓi ya ƙi jin magani, kada ka sake hawa mota da jama'a. Je asibiti, ka faɗi garuruwan da ka bi. Idan abokin tafiya yana amai ko zubar da jini, kada a taɓa shi da hannu tsirara. In rai ya yi halinsa, kada a ɗauko gawar a tsallako iyaka, a bar wa jami'an lafiya.

A guji jita-jita kuma. A 2014 an ce shan ruwan gishiri na kare mutum daga Ebola, har wasu suka mutu.

'Yan'uwa, asarar kasuwa ɗaya ta fi sauƙi a kan a rufe mana hanya wata da watanni. Allah ya tsare mu, ya ba da kasuwa mai albarka.