Zubewar Gashi Lokacin Jinyar Ciwon Daji: Kada A Bar Magani

An shirya wannan jawabi ne domin malaman azuzuwan yaƙi da jahilci na Lambara da ƙauyukan kewaye su karanta wa ɗalibansu maza da mata.

Yanzu ba baƙon abu ba ne a ji an tafi da wani ko wata daga yankin Shagari ko Boɗinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, likita ya duba ya ce ciwon daji ne, wanda wasu ke kira sankara. A cikin mata an fi samun na mama da na bakin mahaifa. Sau da yawa maganin da akan ba su mai ƙarfi ne, ta hanyar ƙarin ruwa, kuma akan koma karɓarsa bayan kowane mako 3 har sau 6 ko 8.

To, bayan mako 2 ko 3 da karɓar na farko, sai mai jinya ta wayi gari ta ga gashi bisa matashi. In ta sa mataji sai ya fito dam. Kafin wata guda kai ya zama tal. Wani lokaci har gira da gashin ido, namiji kuwa har gemu. A nan ne hankalin gida ke tashi. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce maganin asibiti ya fi ƙarfinta, a maida ta wurin mai magani na gida. Da haka sai a daina komawa Sakkwato, ciwon kuwa ya sami fili.

Ga gaskiyar abin. Ciwon daji tsiro ne mai saurin girma, saboda haka maganin yana farautar duk abin da ke saurin girma a jiki. Saiwar gashi tana cikin masu saurin, shi ya sa ake haɗawa da ita. Ba ciwon ne ya ci gashin ba, kuma zubewar ba alama ce ta cewa ajali ya zo ba. Kowane manomi ya san yadda wuta ke cin ciyawa da rani har fili ya yi baƙi, amma saiwa tana nan a ƙasa, ruwan farko na sauka sai ta tofo. Haka gashi yake. Makonni kaɗan bayan an kammala magani zai fara tsirowa da laushi kamar na jariri, cikin wata 3 zuwa 6 ya rufe kai. Yakan dawo da wata kama dabam da farko, ko ya fi laushi ko ya zo da furfura.

Ba kowane magani ke zubar da suma ba. Akwai wani ja da ake kira doxorubicin, wanda akan ba masu ciwon mama. Shi kam kusan kullum yana zubarwa, yakan kuma sa fitsari ya yi ja na kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma jinyar da ake yi da na'ura mai haske, wadda mutane ke kira gashi, wato gasawa. Ita ba ta taɓa suma sai in kan aka haska. Mai jinya ta tambayi likita tun ranar farko wane iri za a ba ta. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Wadda aka shaida wa cewa nata zai zube, gara ta kwance kitso tun da wuri, a rage gashin da almakashi, don ganinsa yana faɗuwa da tsawonsa ya fi ciwo a rai. Amma fa a guji askar wanzami da reza. Maganin yana rage ƙarfin jini wajen yaƙi da ƙwayoyin cuta, musamman daga kwana 7 zuwa 14 bayan kowane ƙarin ruwa, ƙaramin yanka na iya zama babban miki. In zazzaɓi ya zo a wannan lokaci, kada a tsaya shan maganin kanti, a nufi asibiti a ranar.

A wanke kai da ruwa mai ɗumi da sabulu marar zafi, a shafa man kaɗanya kaɗan. Ban da rini, ban da man miƙar da gashi, ban da jiƙe-jiƙen da masu talla ke cewa yana tsirar da suma a ranar kasuwa. Asarar kuɗi ce, kuɗin kuwa ana bukatarsu don mota zuwa Sakkwato. Kai marar gashi ba ya jure ranar bazara, ba ya kuma jure sanyin hunturu, don haka a sa kallabin auduga mai laushi ko hula, har da dare in ana ɗari. A Amurka tun 2015 aka amince da wata hular sanyi da ake sawa lokacin ƙarin ruwa don rage zubewar, sai dai tana da tsada, kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Mu nan ɗankwali da mayafi da hula sun riga sun rufa asiri a waje.

Matsalar tana cikin gida, inda ake cire ɗankwalin. Mace ta saba da kitso tun tana yarinya, ranar suna da ranar Salla da shi take ado. Idan miji ya kau da kai, ko abokiyar zama ta yi habaici, ko aka ware mata kwano da tabarma, to an ƙara mata ciwo bisa ciwo. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko ta taɓa gashin da ya zube, ko ta kwana ɗaki ɗaya. Maigida shi ya kamata ya fara faɗa wa mutanen gidansa wannan. Yara ma a yi musu bayani kafin su gani, a ce magani ne ya sa, zai kuma dawo, don kada su tsorata su guji uwarsu.

Malamin aji kuma yana da abin yi. Asibiti kan ba mai jinya kati da ranar komawa a rubuce. Wanda ya iya karatu a gidan ko a maƙwabta ya duba katin, ya tuna musu tun saura kwana 2, domin a nemi kuɗin mota da wanda zai yi rakiya.